Shirun Inji a Gangaren Bungudu

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin ranar da shiru ya fi kowace ƙara ba ni tsoro.

Ni ba matafiya ba ce. Ban da Makka, babu inda zan zaɓa a kan ɗakina. Amma Allah ya haɗa ni da direba, a Tsafe, zamanin Turawa na nan, 'yancin kai da saura. Maigidana da yayansa duk motocin wani attajiri suke ja, masu bodin katako, su kwashi gyaɗa da auduga su kai Gusau bakin jirgi. Gidanmu na gefen hanya, ƙasan wani ɗan tudu. Ban san harafi ba sai na allo, amma kunne Allah ya ba ni. Ina cikin daka sai in ajiye taɓarya in ce a ɗora ruwan wanka, ga shi nan tafe. Matan gida su ce ina duba ne. Babu wani duba. Motocin wasu suna gangarowa tudun nan shiru, sai ƙarar katako da sarƙa. Tasa kuwa tun daga sama za ka ji ta yi "wuum" sau ɗaya, sannan ta sauko tana gurnani kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya.

Wata rana yana cin tuwo na tambaye shi dalili. Ya ce waɗancan firi suke sa mota, wato su zare giya su bar ta ta gangara da nauyinta, don tsimin mai. Ya ce, "Kin san guga cike da ruwa? In kina riƙe da igiya kina saki kaɗan-kaɗan, ke ad da iko. In kin saki gaba ɗai, ki kai hannu ki kama mu gani." Ya ce ƙaramar giya ita ce igiyar, kuma tun a sama ake sa ta. In mota mai lodi ta ɗauki gudu a firi, giyar ba ta yarda ta koma, haƙoranta sai dai su yi ta gurzar juna. Birki kuma in aka daɗe a kansa zafi yake yi ya saki. Ya ambaci wani abokinsa da aka ɗauko a cikin tabarma, ya ture akushin bai ƙara loma ba.

To, ƙarshen wata damina aka yi haihuwa a Bungudu wajen dangin Inna, surukata. Maigida na kwance da zazzaɓi, sai aka ce Yaya zai kai mu, tunda yana da lodin gishiri da zai ɗauka a Gusau ya wuce da shi can. Yaya shi ne wan mijina. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na ji sallamarsa ɗaki nake shigewa, gaisuwa kuwa daga nesa, a durƙushe. Haka aka rene mu. Saboda goyo aka sa ni gaba: Yaya a sitiyari, Inna a tsakiya, ni a jikin ƙofa da ɗiyata ta biyu a cinya, na ja mayafi har hanci.

Mun bar Tsafe da hantsi. Wajen dutsen Kwatarkwashi hanya ta ɗan sunkuya, sai na ga hannun Yaya ya taɓa sandar giya, injin ya yi ƙasa da murya, ya koma ɗan kaɗawa kamar mai barci. Iska ta fara busowa ta tagar. Itatuwa suka shiga wucewa da sauri. Inna ta ce, "Kai, yanzu kunnena ya huta." Ni kuwa na gane firi Yaya ya sa ta. Da muka kai ƙasa ya nemi mayar da giya, ta yi "ƙarrr", ya sake takawa, ta sake "ƙarrr", sai da gudun ya mutu da kansa sannan ta shiga.

Inna ta ce, "Halan niƙa kaka yi muna cikin mota?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsuhwa ta, Inna, kamar wasu."

"Ubanka na tsoho," in ji ta, tana ɓare goro.

Suna raha, ni ina lissafin abu ɗaya. Wannan gangaren ɗan ƙarami ne. Akwai babba kafin a shiga Bungudu, wanda ke sauka rafi, da 'yar gada mai cin mota ɗaya a ƙasansa. Ban taɓa ganinsa ba, amma na sha jin maigida na ambatonsa, kuma duk sanda ya ambata sai ya ce Allah ya kiyaye.

A Gusau aka sauke gyaɗa aka loda gishiri. Ina zaune a inuwa kusa da wata mai fura, ina jin kowane buhu in ya faɗi cikin bodi, motar na ƙara zama a kan tayoyinta. Mai furar ta miƙo mini ludayi, na kurɓa na mayar mata. Na yi tunanin in ce cikina na ciwo a bar ni nan, to wa na sani a Gusau? Na yi tunanin in raɗa wa Inna. To ita ma surukata ce, in ce mata me? Ɗanki babba bai iya tuƙi ba? Aka ce a shiga, na shiga.

Bayan azahar muka kama hanyar Bungudu. An yi ruwa da safe a can, jar ƙasar ta yi laushi, motar na ɗan wutsil-wutsil da gindi. Gero ya yi kai a gonaki dama da hagu, ban ga kyansa ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, na koma farko. Ina duban 'yan yatsun yarinya, ina cewa a raina wannan ko zama ba ta fara ba.

Can Inna ta nuna da haɓa ta ce, "Ga kukokin nan, mun kusa rafi."

Yaya ba zan iya yi masa magana ba, ko za a yanka ni. Sai na ɗaga ɗiyata na tsayar da ita a cinya, na dube ta, na ce da ƙarfin da ban san ina da shi ba, "Ke, ki yi haƙuri, yanzu za ki ji irin kukan motar babanki. Shi tun daga sama yaka sa ƙaramar giya, bai yarda da firi ba in da lodi. Ko ba haka yac ce ba?"

Yarinya ta kama mayafina tana tsotsa. Inna ta daina tauna goro. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana na zafi, ga tsoron kuma bai tafi ko'ina ba. Hanya ta fara sunkuyawa. Ta gefen ido na ga hannun Yaya ya sauka a kan sandar giya, na runtse ido, na bar wa kunne aikin.

Injin ya yi shiru. Na ce shi ke nan.

Sai "wuum". Sai giyar ta faɗa, motar ta yi turjiya har muka rusuna gaba, ta ɗauki gurnanin nan da na sani tun daga tsakar gidana. Muka dinga sauka a hankali, gishiri na turo mu ta baya, injin na riƙewa. Tayoyin baya sun ɗan zame sau ɗaya, suka kama. Na ji katakon gada na amsawa a ƙarƙashinmu, sannan ƙasa. Na buɗe ido. Ruwan rafin ja ne, ya cika har baki.

Muka sauka a ƙofar gidan suna. Yaya ya zagayo, bai dube ni ba. Ya kama hannun yarinya ya girgiza, ya ce mata, "Ki gaya ma uwarki na ji. Ki ce mata kuma man da munka ƙone, babanki za ya biya."

Inna ta ce, "Ɗiyar da ko haƙori babu, har ta fara aike."

Ban sani ba ko da ya sa firi da mun faɗa rafin, ko da mun wuce lafiya kamar yadda ya saba wucewa. Allah kaɗai ya san wannan. Ni dai har yau in ina cikin mota aka zo gangare, hira nake yankewa in kasa kunne, jikoki na yi mini dariya.

Kai da ke riƙe sitiyari yanzu, in ka zo kan tudu da mutane a bayanka, me suke ji daga injinka, gurnani ko shiru?