Shekarun da Muka Yi Muna Haƙa Rijiya

Maigidana bai iya zama ba. Ko kunun safe a tsaye yake sha, hannu ɗaya a kan keke. Lokacin da na tare a gidansa a unguwar Luggere ta Jimeta ana ta bikin samun 'yancin kai, shi kuwa yana aikin gwajin jini da fitsari a asibiti, bai daɗe da dawowa daga karatun kimiyya ba. Kullum maganarsa ɗaya: yaran ƙauyukan bakin Binuwai suna fitsarin jini, a ba su magani, su koma wanka a kogi, ciwon ya dawo.

Da aka yi jihohi, aka ce ya koma Maiduguri da ƙarin girma. Har na ɗaure tukwanena. Sai ga shi da hantsi, ya ce ya ajiye aikin.

"Malam, ka ajiye? To mu ci me?"

"Ciwon nan a ruwa yake," in ji shi. "Rijiya za mu haƙa musu."

Mahaifiyarsa ta taso daga Wuro Hausa ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ya durƙusa ya ce, "Dada, ki yi haƙuri," amma bai sake shawara ba.

Ya bi 'yan kasuwar Jimeta rumfa rumfa, da teloli da malaman makaranta, har suka kafa ƙungiyar taimako, suka ba shi shugabanci. Tsakar gidana ta cika da siminti da igiyoyi da kwalaben ruwan da yake gwadawa. Ya kan tafi a kwale-kwale, sai dai in ji labarinsa a bakin masu kifi. Na kasa saƙa, na kasa zaman hira, kunnena yana ƙofa.

Rijiyar farko ta ba da ruwan zartsi. Ta biyu ta rufta da damina. Ya rame, amma bai tsaya ba. Wata rana ya ce, "Ba na iya shiga wurin mata in yi musu bayani. Ko za ki zo?"

Na ɗauki mayafina. Tun daga nan nake shiga gida gida da guntun Fulatancina, ina roƙon iyaye su hana yara kogi. Wasu sun ji, wasu sun yi mini dariya. Rijiya ta uku ta yi ruwa garai-garai. Ranar da aka fara jan ruwan, mata suna guɗa, na waiwaya in ga fuskarsa, ashe ya riga ya sauka bakin ruwa yana tambayar mai fito hanyar ƙauye na gaba.