Shekarar da Aka Nome Gero Aka Bar Ciyawa

A Furfuri na tashi, kuma duk tatsuniyar da na sani daga bakin Inna Kulu na ji ta, mahaifiyar babana. 'Yar Tsafe ce, aure ya kawo ta ƙasar Bungudu, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda ta zama 'yar Furfuri ba. Ruwan Tsafe ya fi daɗi, dawar Tsafe ta fi auki, kai har sauron Tsafe, in ji ta, ya fi namu ladabi. Mu kuwa ba ma musu, don wanda ya yi musu da Inna ba ya samun gyaɗa.

In kaka ta yi, da an idar da sallar isha'i sai ta haɗa karan dawa a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, ta turbuɗe sabuwar gyaɗa a cikin toka. Mu jikoki bakwai sai mu kewaye ta, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya kusanci ɗumi. Tana da wani ɗan icce da take tono gyaɗar da shi, da shi kuma take ƙwanƙwasa kan mai surutu. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Ita sai ta kalli duhun bayan danga ta ce, "Ga wata can ta taho daga duwatsun garinmu." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma."

Ni ne na fi kowa son tatsuniya, ni ne kuma ban cika jin ƙarshenta ba. Da ɗumin wuta ya ratsa ni sai kaina ya faɗa bisa cinyarta. Shi ya sa take kirana Angon Kwana, don a bakinmu na Zamfara barci shi ne kwana. "Ku dubi mijin da Allah ya ba ni," in ji ta. "Ba shi noma, ba shi kasuwa, sai minshari."

Babana mutum ne mai zafi a kan karatu. A wurinsa yaron da ya yi barci bai maimaita allonsa ba ya yi asarar yini guda. Wata rana ya shigo ya same ni na miƙe a jikin Inna, ya kama kafaɗata yana girgizawa. Na farka a firgice, ina jin muryarta a sama da kaina.

"Sakar mini shi, Mamman. Tun asuba yaron ga shina bisa ƙahwahu nai. Abin da kunka zuba mishi da rana, yanzu na shika zaunawa cikin kai."

Baba ya ce lalaci ne kawai. Inna ta ɗauki ɗan iccenta. Ta gyara wuta, ta kalli bayan danga, ta kira tatsuniya. Baba ya koma gefe yana kwance igiyar akuya yana sake ɗaurawa, wai shi ba saurare yake yi ba. Ni kuwa barci ya riga ya gudu, don haka wannan karon na ji ta har ƙarshe.

Wai an yi wani sarkin noma a wani gari, mai ƙatuwar gona da ba a ganin iyakarta. Kowace damina samari da 'yan mata sukan fito masa gayya, su yi masa noman fari idan gero ya tsiro. Shi kuwa kullum gani yake rana ta yi masa gajarta. Ya zauna ya yi tunani, ya ga ba abin da ke cinye masa lokaci kamar barcin mutane. Sai ya je wurin zakaran garin da tsabar dawa cike da hannu, ya ce masa gobe ya yi cara da wuri kaɗan. Zakara ya ci dawa, ya yi cara da wuri. Mutane suka fito suna miƙa, aka yi aiki, sarkin noma ya ji daɗi. Washegari ya ƙara dawa, zakara ya ƙara sammako. Haka aka yi ta yi, har ta kai mutum bai gama juyawa a kan tabarma ba zai ji cara.

A nan Inna takan noƙe wuya ta kwaikwayi zakaran da ya yi ƙiba har carar ba ta fita sosai, mu yi ta dariya har da faɗuwa.

Aka wayi gari mutane suna shiga gona cikin duhu, ido rabi a rufe, hauya a hannu. To, gero in yana ƙarami shi da ciyawa kusan kamarsu ɗaya, sai ido mai kyau da haske ke raba su. Suka duƙa suka yi ta sara, kunya bayan kunya, ba wanda ya huta. Sarkin noma yana tsaye a bakin gona yana murna, don bai taɓa ganin an gama noman fari da sauri haka ba. Tsohuwa ɗaya ce kawai a garin ta ƙi. In zakara ya yi cara sai ta leƙa waje, ta miƙa hannunta. In ba ta ga zanen tafinta ba sai ta ja ƙofa ta ce wa jikokinta su koma su kwanta. Aka yi ta yi mata dariya, ana cewa ta tara ragwaye.

Da ruwa ya zauna, gonar sarkin noma ta yi kore shar, amma ba gero ko ɗaya a ciki, sai ciyawar harƙiya har gwiwa, gonakin sauran mutane ma haka. Ashe geron suka nome suka bar ciyawa. 'Yar gonar tsohuwa ce kaɗai ta fitar da kai, daga rumbunta kuma garin ya samu irin shuka a shekara ta gaba.

"Ba ƙyuya sunka yi ba," in ji Inna, tana kallon wajen akuya. "Sun yi aiki har hannuwansu sunka yi kanta. Ido na ba a bari ya buɗe ba." Sannan ta watsa toka a kan garwashi ta ce, "Ta ƙare, ta bi hayaƙi ta koma gida."

Baba ya saki igiyar ya fita. A lokacin ni abin da na ɗauka shi ne labarin zakara mai kwaɗayi ne, kuma na daɗe ina jin haushin kowane zakara da na gani.

Shekaru suka wuce. Na yi karatu, na zama malamin lissafi a wata makarantar al'umma a Tudun Wada, cikin Gusau. Abin kunya, Angon Kwana shi ne aka ba aikin horo, kuma na riƙe shi da hannu biyu. Ƙarfe bakwai da kwata nake rufe ƙofa. Wanda ya zo bayan haka zai yi tsallen kwaɗo ko ya tsinci ledoji har a gama darasin farko. Wanda ya makara sau goma a zango ɗaya, a kira mahaifinsa. Ni na kawo dokar, kuma ina alfahari da ita. Halin babana ne ya fito mini sak, ban ma sani ba.

Akwai wata yarinya a aji biyu na ƙaramar sakandare, Saratu, daga wani ƙauye a hanyar Mada. Doguwa, marar magana. In ta makara tana waje tana tsintar leda, in ta zo da wuri tana ciki tana gyangyaɗi, kuma darasin farko nawa ne. Na tsayar da ita a bayan aji, ta yi barci a tsaye. Na sa ta wanke fuska, ta dawo da ruwa yana ɗiga a hijabi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da ta cika goma na rubuta takarda da hannuna.

Mahaifinta, Malam Isa, ya zo a kan tsohon keke, da ƙasar gona a ƙafarsa. Na zayyana masa laifuffukanta ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ban ga laihinku ba. Ana kiran assalatu taka tashi. Ta yi salla, ta tai makarantar allo, ta ɗebo ruwa, sannan ta kamo hanya a ƙasa. In ta komo ga Islamiyya, da dare ga aikin da kuka ba su. In kanta ba shi ɗauka, ba dole. Zangon ga in ya ƙare sai ta zauna gida ta kama ma uwatta aiki."

Ba da fushi ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Ni na kira shi don ya ja mata kunne, sai ga shi na ba shi dalilin cire ta.

Da yamma na zauna duba takardun gwajin ajinsu. Da na zo kan ta Saratu sai na tsaya. A tambaya ta uku ta bi hanya daidai, layi bayan layi, ta samu amsa daidai. Sai ta soke ta, ta rubuta wata a ƙasa wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Tambaya ta biyar ma haka. A ta shida rubutun ya fara karkacewa, biro ya ja dogon layi ya sauka daga takardar. Na daɗe ina kallon amsar da ta soke. Ba abin da ya zo mini sai muryar Inna, da hannunta riƙe da ɗan iccen nan. Yarinyar ta nome geronta ta bar ciyawa, kuma ni ne mai ba zakara dawa. Wallahi na ji kunya, irin wadda mutum ke ji shi kaɗai a ɗaki.

Da na kai maganar gaban shugabar makaranta, Hajiya ta cire tabarau ta dube ni. "Malam Sanusi, kai ne kuwa? Kai da ka so a mayar da rufe ƙofa bakwai daidai?" Na ce ni ne. Na roƙi a fara darasi ƙarfe takwas da kwata, a ƙara lokacin a ƙarshen yini. Ta ce sai taron iyaye ya yarda.

Taron bai zo da sauƙi ba. Yawancin iyayen yaranmu ma'aikatan gwamnati ne, kuma suna da gaskiyarsu. Wani Alhaji ya miƙe ya ce shi kafin takwas yake son ya kasance a ofis, wa zai kawo masa yara? Wata uwa ta ce in an tashi a makare yaushe za su ci abinci su tafi Islamiyya? Wani dattijo kuma ya ce su a zamaninsu da duhu suke fita, ga su nan ba su mutu ba. Ban iya kawo musu wata hujja ta littafi ba. Na ɗaga takardar Saratu, na rufe sunan da yatsa, na nuna musu amsar da aka soke. Na tambaye su ƙarfe nawa 'ya'yansu ke kwanciya, ƙarfe nawa suke tashi. Kowa ya shiga lissafi a zuci.

A ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Ƙofa za ta buɗe tun bakwai saboda masu zuwa ofis, a shimfiɗa tabarmi a ɗakuna biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata, mai son karyawa ya karya, mai son kishingiɗa ya kishingiɗa. Darasi sai takwas da kwata. A rage aikin gida. Zango ɗaya za a gwada, in bai yi ba a koma yadda ake. Ni kuma na hau babur na bi hanyar Mada, na samu Malam Isa a gona, na roƙe shi aron zango ɗaya. Ya jingina da hauyarsa ya ce, "Tunda ka tako har nan, Malam, na ba ka."

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Masu makara don son rai suna nan, sun dai matsar da makararsu gaba da awa guda. Amma ajin safe ya canza. Na fara jin hayaniya a inda da sai hamma, har na soma kewar shirun da nake samu. Saratu takan iso takwas saura kwata, ta zauna ta huce gajiyar hanya kafin a shiga. Wata rana ina rubutu a allo na ji murya daga baya, "Malam, ka manta alamar ragewa." Na juya don in ga mai ƙarfin halin nan. Ita ce, kuma gaskiyarta.

Yanzu da furfura ta fara fito mini, na gane tatsuniyar ba ta zakara ba ce, ba kuma ta ragwaye ba. Ta masu iko da lokacin wasu ce, uba ko malami, waɗanda ke ganin yaro a tsaye su ɗauka a farke yake. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san hutun yaro yana cikin karatunsa. Na yi shekaru ina ganin tsananina ƙauna ce, kuma ƙaunar ce, sai dai ba ta duban fuskar wanda ake yi wa.

Ranar da aka ba da sakamako Malam Isa ya zo da kekensa. Na miƙa masa takardar. Ya juya ta sama da ƙasa, don ba ya karanta boko, sai ya miƙa wa 'yarsa ya ce ta karanta masa. Ta karanta a hankali, darasi bayan darasi. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, amma ba ta faɗi ko ɗaya ba, kuma a lissafi mutum uku ne kawai a gabanta. Ya karɓi takardar ya ninke ta sau huɗu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar. Ya kama keke kamar zai tafi, ni kuma na kasa tambayarsa abin da ya yanke. Sai ya waiwayo.

"Malam, tana da ƙanwa, bana taka gama firamare. In an komo hutu, akwai wurin mutum biyu?"