Tafiyar Kwana Biyu da Taku Bakwai

Da kakar nan ta bana, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar malamin Turancin nan na Gwaram, mutumin Kiyako. Masu karatu, ku yi mini uzuri da ban fara da sunansa ba. Ɗan farina ne, ni kuwa tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ban yi boko ba, ko alif ɗin Turawa ban sani ba. 'Yarsa Zainabu, wadda ita ma yanzu take koyar da Turanci a Birnin Kudu, ita ke riƙe da alƙalami. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa mini gishirin 'yan makaranta. Ta ce, "Iya, ai miyarki ba ta neman ƙarin gishiri, yaji ne ma ya yi mata yawa." Ja'ira, bakin ubanta ta ɗauko.

A zamaninmu kowace uwa tana kunyar ɗan fari, amma tawa sai da ta zama abin kwatance. Ba na kiran sunansa, ba na zama inda ya zauna, ba na duban fuskarsa. Idan ya durƙusa gaishe ni, sai in amsa wa bango. Duk wani takwaransa a Kiyako, Kallamu nake ce masa. A gidan biki mata kan ce wa 'ya'yansu, "Ku koyi alkunya wurin Dije." Ba zan ɓoye ba, maganar tana yi mini daɗi. Na ɗauke ta na ɗaura kamar ɗankwalin sallah, na yi shekara arba'in da 'yan kai ina yawo da ita.

Shi kuwa ya samo dabarar yi mini magana. Idan ya zo hutu, sai ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, daidai inda nake ɓarar gyaɗa, ya zaunar da Zainabu ya ce zai yi mata karatu. Amma muryar da yake ɗagawa ta fi ƙarfin kunnen wadda ke gabansa.

Wata rana da hantsi na ji yana cewa Turawa suna da wata al'ada idan za su faɗi tsawon lokaci. Sai su mai da kwanaki ko shekaru masu dukiya, kamar yadda ake cewa gonar wane ko akuyar wance. Hutun mako biyu, a wurinsu makonnin ne suka mallaki hutun. Aikin shekara goma, shekarun ne masu aikin. Akwai wata 'yar ƙugiya da suke ratayawa a saman rubutu don a san mai abu. Idan kwana ɗaya ne, tana shiga gaban wani harafi mai kama da maciji, idan kwanakin suna da yawa sai ta koma bayansa. Ya ce ɗalibansa kullum nan suke tuntuɓe.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na dubi kwaryar gyaɗa na ce, "Wannan ne abin da ake sa takalmi a je koyo? Mu da muke cewa tafiyar yini, jiran damina, wankan kwana arba'in, wa ya ba mu ƙugiya?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Zainabu, gaya wa mai gyaɗa ta ci jarrabawa." Da zai koma, ya aiko matarsa Kulu da roƙo. Wai in je Gwaram rana ɗaya, in zauna gaban ɗalibansa in ba su labarin yadda mutanen da can suke auna lokaci, don su gane abin da suke tsoro a bakin Bature yana nan a bakin kakanninsu. Na ce wa Kulu, "Ni Dije, in zauna aji guda da shi, jama'a na kallo? Gaya masa bokon ya fara taɓa shi." Duk hutu sai ya sake aikowa. Sau huɗu, idan ban manta ba. Daga nan bai ƙara ba.

Akwai labarin da nakan ba jikoki idan muna aiki a inuwar nan. Wata mata ce, a shekarun da mota sai ranar kasuwa, ta je ganin gida Dingaya da jaririnta, zazzaɓi ya kama shi har idanu suna juyewa. Ba ta jira kowa ba, ta goya shi ta kamo hanyar Birnin Kudu a ƙasa. Ta wuce Fagam da ƙafa, ƙaya ta soke ta ba ta tsaya cirewa ba, ta kwana a zauren mutanen da ba ta sani ba, sai washegari da la'asar ta isa wurin masu magani. Yaron ya rayu. Kullum "wata mata" nake cewa. Shi yana gefe yana jan bakin alƙalami a takardun ɗalibai, kamar ba ya ji.

Ciwon ajalinsa mako uku ya yi. Aka kawo shi asibiti Birnin Kudu, nan kusa da mu, tafiyar da ko ruwan zafi ba ya hucewa. Na dama kunun gyaɗa da tsamiya yadda yake so, na hau mota na je. Na tsaya a baranda na aika a kira Kulu. Ta ce, "Inna, ki shigo mana, yana tambayarki." Na leƙa, na hango ƙafafunsa a ƙarshen gado, na kuma hango mata biyu 'yan garinmu zaune suna jinyar nasu. Na miƙa mata kwano na ce a gaishe shi, na juyo.

Mako na biyu haka. Kulu ta riƙe mini gefen mayafi ta ce, "Ya ce a gaya wa mai kunu, ba sai ta yi magana ba. Ta zauna kawai." Na ce idan an sallame shi ai gida zai zo. Na ƙirga a raina, daga inda nake tsaye zuwa gadon nan taku bakwai ne. Mako na uku na zo da safe da kwanona, na tarar ana naɗe katifa.

Ba zan ɗora wa al'ada laifi ba, don ban taɓa jin malamin da ya ce addini ya hana uwa zama kusa da ɗanta marar lafiya ba. Sa'o'ina da suka fi ni kunyar gaskiya sun shiga wurin nasu, sun shafa musu kai, ba wanda ya zage su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye. Abin da ya riƙe ƙafata a barandar nan bai wuce idon matan nan biyu ba, kada su koma Kiyako su ce Dije ma ta karaya. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A gidana yaron ne ya hango, babbar tana tsaye tana gyara ɗankwali.

Yanzu nakan zauna in ce, da yana nan me zai ce da wannan zamani? Zainabu ta ce ɗalibanta sun daina rataya ƙugiyar nan gaba ɗaya, rubutun waya ya cinye ta, kowa sauri yake. Na san da ya yi faɗa, sannan ya yi dariya, ya sake bayani daga farko, don bai taɓa gajiya da maimaita abu ba. Ina kuma ganin 'yan matan yanzu suna rungume ɗan fari a gaban surukai, suna kiran sunansa tun daga ƙofar gida, har hotonsa suke sawa a fuskar waya. Da can tsaki nake yi. Yanzu idan tsakin ya taso sai in haɗiye shi. Wataƙila sun zubar da wani abu mai kyau, ban musa ba, amma ba za su tsaya a baranda ba.

Bara Zainabu ta zo mini da wani tsohon littafinsa da yake shirya darasi a ciki, wanda har yau da shi take koyarwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta buɗe wurin darasin ƙugiyar nan, ta ce misalan da ya rubuta duk daga bakina ya kwashe su: jiran damina biyu, aikin wata uku a gona. Sai ta tsaya tana shafa shafin da yatsa. Na ce, "Karanta mana, ko bokon ya ƙare?" Ta ce misalin farko, wanda kowane aji sai sun kwafa a littafinsu, ga fassararsa: "Uwata ta yi tafiyar kwana biyu a ƙasa, ina bayanta."

Ashe ya san matar. Ashe shekara da shekaru yaran Gwaram suna rubuta ni, ni da na ƙi zuwa ajinsu. Na ce ta nuna mini ƙugiyar. Ta ɗora yatsana a kai, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gero.

Idan gaskiya ne kwanaki suna mallakar abu, to kwana biyun nan na hanyar Dingaya sun mallaki ɗa, sun ba ni. Mako ukun asibiti kuma suna riƙe da nasu, ba za su sake ni ba sai na je inda ya je. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne littafin nan, da 'yar da ke karanta shi, da ɗaliban da suka zama manya suna tsayar da ni a kasuwa suna cewa, "Ke ce mahaifiyar Malam?" Da sai in kau da kai. Yanzu nakan ce ni ce.

Zainabu ta tambaye ni ko ta rubuta sunan da kanta a ƙasa, ta hutar da ni. Na ce a'a, sai ta ji daga bakina tukuna. Ku da kuka karanta, idan kun idar da sallah ku sa shi a addu'a, Allah Ya jiƙansa, Ya yafe wa uwarsa. Ba sai kun ce malamin Gwaram ba.

Sunansa Musa. Musa ɗana.