Abin da Inna ta faɗa wa mai kati

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Dija, Allah ya jiƙanta. Ni ba mai dogon karatu ba ce, a aji biyar na firamare na tsaya, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Ciwon kan 'yata Nana ne ya sa na kasa yin shiru a bana.

Mu ba 'yan Gombe ba ne. Wata ranar kasuwa jirgin yaƙi ya sako wuta a ƙauyenmu, can gabas. Nana tana goye a bayana, wata bakwai gare ta. Inna ta faɗo kanmu ta rufe mu da jikinta. Wani abu ya shige ta a kwiɓi, Nana kuma jini na bin bayan kunnenta. A bayan a-kori-kura muka iso garin nan.

A asibiti, a tagar da ake yankar kati, ma'aikacin ya ce, "Mama, me ya same ku?" Na buɗe baki ke nan Inna ta take mini ƙafa. Ta ce, "Mota ce ta kife da mu, ɗana." Ya rubuta. Ban ga laifinta ba. A lokacin duk wanda ya ambaci jirgi, tambaya ta gaba ita ce, me kuke yi a wurin, su wa ke tare da ku? Masu gidajen haya a unguwar Nasarawo ma sai sun ji daga ina ka fito kafin su ba ka makulli.

Aka ɗinke su, aka sallame mu. Inna Bafillatana ce ta gaske, ba ta taɓa cewa wayyo a gaban mutane ba. Ciwon ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa. Likita ya duba takarda ya ce, "Tsohon haɗarin nan ne?" Ta ce, "Da sauƙi." A ba ta ƙwaya mu hau keke mu dawo. Shekara uku tana tafiya a karkace, hannunta dafe da kwiɓi, har zazzaɓin ƙarshe ya kwantar da ita. Matar da ta yi mata wanka ta ja ni gefe ta ce ta ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin fatar, kamar tsinin kibiya.

Sai bara na gane abin da ya faru, a ɗakin maƙwabciyarmu Ya Falmata. Ita ma jirgi ne ya raba ta da garinsu, amma ita ta faɗi gaskiya a asibiti. Kowane ciwo ashe yana da lambarsa a asibiti, harafi da 'yan lambobi. Na ɗora takardarta kusa da ta Nana. Tamu harafinta V ne, kamar bakin almakashi a buɗe, tata Y, kamar gwafa. Saboda gwafar nan aka yi mata hoton ƙashi aka ƙirga ƙarafan da ke jikinta, ana duba kunnenta, har waya ake yi mata in lokacin dawowa ya yi. Mu ba a taɓa kiranmu ba. Wa zai nemi ƙarfen bam a jikin wanda mota ta kife da shi?

Nana yanzu shekararta takwas. Tun bayan sallah take riƙe kai, in na kira ta daga hagu ba ta juyowa. Likita ya rubuta a saka ta a babbar na'urar hoton nan da ake tura mutum ciki. Da na faɗa wa Ya Falmata, sai da ta ajiye buta. Ta ce, "Ke Maman Nana, ni an hana ni ko kusantarta! Maganaɗisu ne a ciki, ƙarfe yake ja. In akwai a kan yarinyar nan fa?"

Na yi ta tunanin me Inna za ta ce. Na san ta. Za ta ce a bar wa Allah, kada a tono abin da ya kwanta. Mijina ma haka ya ce, wai muna zaune lafiya da mutane. Gaskiya ne, shirun Inna ya sama mana ɗaki da maƙwabta, ya sa yarana makaranta ba a nuna su da baki. Shi ne kuma ya cinye ta. Abin da ta bar mini ke nan, kuma har yau in ma'aikaci ya yi mini tambaya sai na ji harshena ya yi nauyi.

Shekaranjiya na koma tagar. Wata mata ce a wurin yanzu, layi har bakin ƙofa. Na ce, "Anti, lambar 'yata ba daidai ba ce. Ba mota ba ce. Jirgi ne." Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce sai likita ya sa hannu kafin a canza, amma ta soke ranar na'urar, ta ce Litinin a fara yin hoton ƙashi. Sannan ta tambaya, "Wa ya ba da bayanin farko?"

Na ce, "Uwata ce."

Matar da ke bayana a layi ta janye ɗanta daga kusa da Nana. 'Yar unguwarmu ce, tare muke ɗiban ruwa. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba, Litinin kuma saura kwana uku.