Lucius Tolliver, Wanda Ya Ƙi Yarda da Yatsu Biyu

Kowace safiya Lucius Tolliver yakan zauna a bakin gado ya jira gwiwoyinsa su yarda su ɗauke shi. Matarsa Vernice ce ke ɗaure masa igiyar takalmi, don yatsunsa sun karkace kamar citta. Ta miƙa masa baƙin kofi, ta gaya masa sunan garin da za shi. A da shi ke gaya mata. Daga nan ya hau tsohuwar motarsa ya bi titunan da suka ratsa gonakin audugar Mississippi, daga wannan ƙaramar kwaleji zuwa waccan, yana nemo wa wata babbar ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka samarin da za su iya. Fiye da shekara ashirin yana wannan aiki, a watan nan ya ajiye. Ba jaridar da ta kula, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Mu da muka tashi a nan mun san shi tun yana ɗan wasa, yana sa hular kwano. Gurbinsa a fili bayan layin gaba ne, aikinsa kuwa guda: duk wanda ya rungumo ƙwallo ya sheƙo da gudu, ya tare shi da kai da kafaɗa. Katanga muke ce masa. A zamaninsu, in aka maka mutum da ƙasa har idonsa ya juye, koci kan durƙusa ya ɗaga masa yatsu ya ce, "Nawa ne?" In ya faɗi daidai ya koma fili. Kowa kuwa ya san biyu ake ɗagawa kullum, tsofaffin 'yan wasa ke raɗa wa sababbi. Lucius ya amsa "biyu" sau ba adadi, mu kuma muna ta tafi. Abokan wasansa da dama ba su kai hamsin ba. Ɗaya ya manta hanyar gidansa, wani da hannunsa ya kashe kansa, Lucius na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

Da gwiwa ta ƙi, ƙungiyar ta ba shi aikin nemo 'yan wasa. Sauran masu wannan aiki sukan hau can saman kujerun 'yan kallo da agogo a hannu suna auna gudu. Shi a ƙasa yake zama, dab da bencin 'yan wasa, yana kallon yadda yaro ke tashi bayan an kayar da shi.

Sai ga Dontrell Mabry. Ɗan garinmu ne, a gurbin Lucius yake wasa, kuma ko makaho ya ji ƙarar karonsa ya san an yi ɗa. Uwarsa Ernestine ta ƙarar da ƙuruciyarta tana fiɗar tarwaɗa a masana'anta, duk gari ya ɗauka wahalarta ta zo ƙarshe. Lucius ma yana bukatar yaron, don manyansa a ƙungiya sun fara gunaguni cewa ya daɗe bai kawo musu wani na a zo a gani ba.

Wata Asabar da rana aka yi karo, Dontrell ya kwanta shiru. Da ya miƙe sai ya nufi bencin abokan hamayya, har sai da aka juyo da shi. Kocinsu ya durƙusa a gabansa. Cleotis mai aski yana kusa, shi ya ba ni labari: tun kocin bai ɗaga hannu ba yaron ya ce, "Biyu, Koci." Aka buga masa kafaɗa, ya koma fili, suka ci wasan. Lucius kaɗai bai yi tafi ba.

Washegari bayan an taso daga coci ya je gidan su Dontrell. Ernestine ta soya kifi, ta yi gurasar masara, tana ta rawar jiki.

"Ci mana, Baba Lucius, kada ka ji nauyi. Gidanka ne."

Ya dubi Dontrell. "Kai, jiya bayan hutun rabin lokaci, wa ka tare a bakin layi?"

Yaron ya yi dariya. "Haba Baba, wa ke ƙirga su? Duk wanda ya zo na kwantar."

"Wa ya kawo ka gida?"

Dariyar ta tsaya. Uwar ta ajiye cokali.

"Ka zo ɗaukar ɗana ne, ko ka zo yi masa tambayar kabari?"

"Ernestine, in na kai shi haka, nan da shekara goma ke za ki riƙa ɗaure masa takalmi."

"Kai da aka kai ka, ai ga ka nan da gida da mota."

"Ga ni nan," in ji shi. "Tambayi Vernice sauran."

Ya gaya wa ƙungiyarsa kada su taɓa yaron sai likitoci sun duba kansa. Likitoci suka duba, suka ce wani karon irin wancan zai iya zama na ƙarshe. Magana ta bazu, ba ƙungiyar da ta sake waiwayar Dontrell.

Abin da garin nan ya yi wa Lucius ya ba ni kunya, har yau kuma yana ba ni haushi. Aka ce hassada ce, tsohon da nasa ya ƙare ba ya son na wani ya fara. A coci bencin da yake zama ya koma nasa shi da matarsa kawai. A shagon aski in ya shigo hira ta mutu. Manyansa kuwa suka karɓe masa manyan kwalejoji suka bar shi da na ƙauye, can ya ƙarasa shekarunsa na aiki. Bai taɓa kare kansa ba, ko a wurina.

Kai ne, Lucius, ka san ciwon tun daga ciki, ka ƙi miƙa wa ɗan wani. Kai ne ka ga hanyar da za ta wanke ka wurin manyanka, ka bar ta, ka zaɓi zagin mutanen da suka yi maka tafi. Katanga, wannan tarewar ta fi duk waɗanda muka yi wa ihu. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Ku kuma kociyoyi da iyaye da masu nemo 'yan wasa, in yaro ya tashi yana tangaɗi, a samu mutum ɗaya da zai karɓe hular ya jure zagin.

An yi masa ɗan taron sallama a zauren coci, mutane ba su cika kujeru ba. Can sai ga Dontrell, wanda yanzu gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, riƙe da 'ya'yansa mata biyu. Tun ranar kifin nan bai sake yi wa Lucius magana ba. Ya tsaya a gabansa. Lucius ya ɗaga kai ya ƙare wa kafaɗunsa kallo, fuskarsa ta washe.

"Samari, wannan ƙira haka. Kana buga ƙwallo?"

Vernice ta sunkuyar da kai. Dontrell ya ce:

"Na taɓa yi, Baba. Wani ya hana ni."

"Wane mugu ne wannan?"

"Ni ma abin da na daɗe ina kiransa ke nan."

Lucius ya girgiza kai yana taya shi takaici, sannan ya nuna yaran ya tambayi sunansu. Dontrell ya faɗa masa, Odessa da Renee, har da watan haihuwar kowacce da abin da ta fi so a dafa mata. Bayan ɗan lokaci tsohon ya sake tambaya. Dontrell ya ja kujera ya zauna kusa da shi, ya sake faɗa masa daga farko.