Ranar da Tsofaffi Suka Raba Magani Kamar Goro

Abubuwa da yawa sun fice mini a kai, har da fuskokin mutanen da na shekara ina cin tuwo da su. Amma ranar da tsofaffin nan suka raba magani kamar goro, ina jin da ita za a sa ni kabari.

Bayan babban yaƙin Nasara ne, wato Turawa. A Madarumfa, can gefen tafki, mai gari ya ba da bukkoki aka tara tsofaffin da ba su da kowa, waɗanda 'ya'yansu suka tsallaka iyaka gudun aikin dole ba su komo ba. Su biyar ne, duk maza. Duk Laraba wani anfirme, wato ma'aikacin likita, yakan zo daga Maradi bisa doki ya duba su, ya bar magani cikin akwatin ƙarfe. Ni aka danƙa wa lakile, wato mabuɗin akwatin, don na yi shekara uku a lakol, makarantar boko, kafin a kore ni, ina iya karanta abin da ya rubuta. Ina da mata da ɗa ɗaya lokacin, ina tafiya da lakile a wuya ina jin kaina rabin likita.

Ban sake samun zama mai daɗi irin na gidan nan ba. Da hantsi sai a baza tabarma gindin tsamiya, iskar tafki na kaɗowa. Babbansu wani tsohon masunci ne, ya san kowane lungu na ruwan nan, ga iya labari. Abokin faɗansa wani manomi ne daga Safo mai bin addinin kakanni. Masunci ya ce masa, "Kai mai tsafi, yau ma ba za ka yi salla ba?" Shi kuma ya ce, "In na yi, wa zai tsare maka takalmi?" Ba abin da ke shiga bakin ɗaya bai zagaya ba. Goro ɗaya sai an fasa shi biyar, babban ɓari na masunci ne. Kullum ina ganin haka, kaina bai taɓa kawo mini komai ba.

Sai ƙanwata ta haihu a Ɗan Issa, zan je suna in kwana biyu. Na buɗe akwati, na ƙulla wa kowa maganin kwana uku a takarda daban. Huɗu kinin suke sha na zazzaɓi, manyan ƙwayoyi farare masu ɗaci. Masunci kuwa 'yan ƙananan ƙwayoyi ne nasa, na kumburin ƙafa. Na ce, "Baba, kowa ya sha nasa, safe da marece." Suka ce to, Allah ya raya jariri.

Washegarin suna da azahar na dawo. Ba kowa gindin tsamiya. Na tarar da masunci kwance cikin amai, ido buɗe ba ya ganin komai, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana cewa a hana masu kiɗan nan. Ba wani kiɗa. Na juya wajen na Safo na ce, "Baba, me ya ci?"

"Magani ne kawai, ɗan lakol. Mun juye shi duka a faifai."

"Kuka juye?"

"To da fa? Kai ma ba ka kyauta ba. Ka ba mu manya, ka ba babbanmu 'yan mitsi-mitsi kamar tsabar gero. Mu sha manya yana kallo? Sai muka tsince masa manyan, muka raba ƙananan."

Na tambaye shi nawa masunci ya sha. Ya buɗe tafin hannu ya nuna mini cikin tafi guda, ya ce safe da marece, yadda na faɗa.

Na ari dokin mai unguwa, ni da ban iya hawa ba, na isa Maradi cinyoyina sun saɓule. Anfirme ya zo ya kwana uku a kan masunci. Allah ya yi da sauran shan ruwa. Ganinsa ya dawo kaɗan-kaɗan, kunnen ne ya tafi ke nan. Ya ƙara shekara biyu a duniya, na Safo na zaune gefensa yana tsokanarsa, shi kuwa sai kallon bakinsa yake yana murmushi.

A gaban jama'a aka cire mini lakile, aka rataya wa ɗan ƙanen mai gari, wanda ko baƙi ɗaya bai sani ba. Anfirme ya zage ni da Faransanci, na gane rabi. Bai taɓa zaunar da ni ya ce kinin na iya kurmanta mutum ba, sai dai ya miƙo takarda ya hau doki. Wannan har yau yana ci mini rai. Amma hannuna ne ya ƙulla takardun nan, ba zan ce ba ni ba ne.

Tun ranar na san tsoho ba ya daina halin kirkinsa don an ba shi ƙwaya, kuma halin nan na iya kashe shi. In kana jinyar tsoho, kulle maganin inda kai kaɗai ke buɗewa. Ka ba shi na lokacin a tafin hannu, ka miƙa ruwa, ka tsaya har ya haɗiye. In tafiya ta kama ka, nemi mai hankali ka koya masa, ko ka haƙura da tafiyar.