Tiu Cipriano Bai Faɗa Ba

Ni Ermelinda, in ka ba ni ajiyar magana da safe, to da rana ka je ka karɓe ta a bakin masu kifi. Duk Dili, babban birninmu, an san ni. Amma yau ba labarina zan ba ku ba, na Tiu Cipriano ne, wato Kawu Cipriano a harshenmu, ko da yake sai na tsoma kaina ciki, haka Allah ya yi ni.

Tiu direba ne, tsoho siriri, yatsunsa biyu na hagu ba farce. Zamanin sojan Indonesiya shi ke kai wa mayaƙanmu na daji wasiƙa a cikin buhun kofi. Sau uku ana kama shi, ko sunan karen maƙwabcinsa ba su samu ba. Matarsa ma sai bayan an yi ƙuri'ar 'yancin kai ta san abin da yake yi, ta yi sati ba ta kula shi ba.

Da aka ƙone garin bayan ƙuri'ar, baƙin ƙasashen duniya suka zo riƙe mana ƙasa kafin mu tsaya da ƙafarmu. Malae muke ce musu. A ofishinsu na samu shara da dafa kofi, da ajina huɗu na firamare. Shi kuma aka ba shi farar mota.

Ranar farko Senyora Solveig, shugabarmu, wata Baturiya da ba ta fi ni da shekara biyar ba, ta tara mu da tafinta. Wai duk abin da muka gani a ofis ba a faɗa wa ɗan jarida, ba a faɗa wa dangi, ko bayan an bar aiki. Ta zo kan Tiu ta rage murya kamar mai lallashin yaro.

"Baba, ka gane abin da ake nufi da sirri?"

Ya ce, "Zan koya, Senyora."

Ya dangwala yatsa. Ni kuwa na sa hannu har da zana fure a wutsiyar sunana.

Wata biyu na riƙe bakina, don duk takardun da Turanci suke. Sai wata Laraba ina goge tebur na ga guda da harshenmu, da jan hatimi. Ran Litinin 'yan sanda za su tashi 'yan kasuwar bakin titi. Nan Amá, uwata, take kasa tumatir.

Da yamma Tiu ya rage min hanya. Ko rufe ƙofa ban gama ba na ce, "Tiu, ka san ran Litinin..." Ya miƙa hannu ya ƙure rediyo. Na ɗaga murya na fi rediyon.

Ya ce, "Alin, ƙanwata, haɗiye."

Na haɗiye har ƙofar gida. Amá kaɗai na gaya wa, kuma sai da na sa ta rantse da Budurwa Maryamu. Ran Juma'a mata sun fi ɗari a ƙofar ofis da kwandunansu, suna ihun rana da sa'ar da za a zo tashinsu.

Wa ya fitar? Aka duba, Tiu ne ya kai ambulan ɗin ofishin 'yan sanda, kuma kullum yana tsayawa kasuwar sayen bua, ɗan goron nan namu mai jan baki. Shi ke nan, Senyora ta kira shi.

"Kai ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

"To wa ya faɗa?"

Ya zuba wa fanka ido. Kwana uku suna yi. Mutumin da aka cire wa farce bai yi magana ba, su suna tambayarsa da biskit a faranti! Daga ƙarshe suka ce in bai ba da suna ba, ranar Alhamis ya ajiye makulli. Baki bakwai ke ci a motar nan, har da marayun ƙanensa.

Ni fa? Na yi lamo. Karo na farko a rayuwata na riƙe sirri, kuma nawa ne, don in tsira da tsintsiyata. In muka haɗu a baranda sai ya ce, "Alin, kofin yau ya yi," ya wuce. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Ran Alhamis ni aka ce in kai musu kofi. Na tarar ya ciro makullin ya ɗora a tebur, yana goge shi da gefen riga kamar zai ba da amarya. Na dire tiren har kofi ya fantsama.

"Kai tafinta, gaya wa Senyora ni ce! Ni na karanta, ni na gaya wa Amá. Wannan tsohon ko sunansa kuka tambaya sai ya yi shawara. Kuma ku da kanku kuke barin takarda a buɗe, sannan Senyora tana waya da saurayinta da..."

Tiu ya ce, "Alin. Ya isa."

Kafin rana ta raba sun karɓe katin aikin da ke wuyana. Har tuna min suka yi wai dokar tana kaina ko na bar aiki. To ga shi kuna gani.

Yanzu ina gefen Amá a sabuwar kasuwa. Ran nan farar mota ta tsaya, Tiu ya sauko sayen bua. Na ce, "Tiu, ka yafe min, bakina ba shi da amfani."

Ya ce, "Wa ya gaya miki? Zamanin daji irinku muke nema ruwa a jallo. In za mu yamma, sai mu samu mace irinki mu ce mata gabas za mu, kada ta faɗa wa kowa. Kafin dare soja sun cika gabas."

Na ƙyalƙyale da dariya. "Wace sakarya kuka samu a unguwarmu?"

Ya dai dubi Amá. Ita kuwa ta sunkuya tana ta jera tumatirin da ta riga ta jera.

Da ya tafi ta cafke min kunne, ta ce in na kuskura na faɗa wa kowa sai ta karya ni.